Ruwan Zafi a Bakin Rariya

Ranar da abin ya fara, yammaci ne irin na kullum a gidan Jafaru. Rana ta faɗa bayan katanga, amma zafin bazara bai bi ta ba, ya yi zamansa a tsakar gida. Kaji sun shige akurki. Ladanin unguwa yana ta hura lasifika yana gwada ko akwai wuta. Kubura kuwa tana durƙushe gaban murhu, tana iza itace ƙarƙashin tukunyar da ta cika da ruwa da ganyen darbejiya, aikin da take yi kowace yamma, wata huɗu ke nan ba fashi.

Ruwan wankan 'yarta ne, Murjanatu, mai shekara biyar. Tun tana goye kirci ya kama ta. Ya fara daga kumatu, ya gangaro wuya, sannan ya samu mazauni a lanƙwasar hannuwa da bayan gwiwoyi. Fatar wuraren ta bushe, ta yi kauri, ta tsattsage, in yarinyar ta sosa sai ruwa ya biyo jini. Susa kuwa ba ta san lokaci ba. Tana ci tana susa, tana wasa tana susa, in ta kwanta abin ya fi tsanani, har daga ƙofar ɗaki ana jin ƙarar farcenta.

Kubura mai kitso ce, kuma duk unguwannin da ke kewaye da rijiyar Kusugu a Daura an san ta da abu biyu, sauƙin hannu da tsabta. Tsabtar har ta zama abin tsokana, mata suna cewa ko ƙuda zai shiga gidanta sai ya karkaɗe ƙafa a zaure. To, a gaban mace irin wannan ne wata mai zuwa kitso ta fizge ɗanta daga kusa da Murjanatu, ta ce, "Kada ka taɓa ta! Wannan ai ƙazanta ke kawo shi, kuma ɗauka ake yi." Matar ta ɗaura ɗankwali a kan kitson da ba a gama ba, ta fice. Maganar ta shige Kubura, ta zauna inda babu mai ciro ta.

Tun daga ranar ta ɗaura yaƙi da fatar 'yarta. Ruwa mai zafi, sabulun wanki, soson buhu, ta yi ta dirza har hannunta ya gaji. Abin da ya ƙara ruɗa ta shi ne, in ruwan zafin ya sauka a kan ƙaiƙayin, yarinyar takan yi ajiyar zuciya ta lumshe ido na ɗan lokaci, sai Kubura ta ɗauka magani ke shiga. Ba ta taɓa haɗa wannan da kukan da ke biyo baya ba, ko kuwa da yadda fatar ke wayar gari ta fi jiya bushewa. In ta ga abin ya ƙaru sai ta ce wankan ne bai isa ba, ta ƙara itace.

Kada wani ya ce ba ta son yarinyar. Tana sonta, son da ke hana ta cin abinci. Amma Murjanatu 'yar fari ce, Kubura kuwa a hannun kakarta ta tashi, tsohuwar da ta koya mata cewa uwa mai kunya ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta rungumarsa a idon mutane, ba ta nuna ta damu da shi. Saboda haka shekara biyar "ke" take ce mata, in tana ba da labarinta ta ce "yarinyar nan". Wuri ɗaya hannunta ke daɗewa a jikin 'yarta, shi ne wurin wanka.

A wannan yammacin Murjanatu ta zille. Ruwan farko na taɓa bayanta ta ƙwalla ƙara, ta suɓuce da santsin sabulu, ta ruga ɗaki ta shige ƙarƙashin gado. Kubura ta yi kira, ta yi barazana, shiru. Ladan ya ɗaga murya. Ranta a ɓace, idonta cike da hawayen da ba ta yarda su zubo ba, ta sa tsumma ta sunkuci tukunyar da sauran ruwan da ke tafasa a ciki, ta nufi bakin rariya ta sheƙa shi gaba ɗaya.

Ba ta yi bisimilla ba. Ta san ana yi. Tun tana ƙarama ta san ba a zubar da ruwan zafi a ƙasa da magariba sai an ambaci Allah, domin ba mu kaɗai ke zaune a gidajenmu ba. Ɓacin rai ne ya mantar da ita.

Daga cikin rariyar wani sauti ya fito, siriri, gajere, irin kukan jaririn da aka toshe wa baki. Sau ɗaya tak. Tururi ya tashi ya baje. Kajin da ke motsi a akurki suka yi tsit. Kubura ta sandare da tukunya a hannu, tsigar jikinta ta tashi, sannan ta yi bisimillar, bayan ruwa ya riga ya isa inda zai isa.

Washegari mijinta Jafaru ya dawo daga kasuwar Mashi, inda yake zuwa sayen awaki da tumaki. Mutum ne mai sanyin hali, ga asma da ke taso masa lokaci zuwa lokaci, ba ya son hayaniya ko kaɗan. Kubura ba ta gaya masa komai ba. Me za ta ce, ta ji rariya ta yi kuka?

Da magariba ta sake ɗora tukunya. Wuta na kamawa dutse ya faɗo a kan kwanon rufi. Sai na biyu, sai na uku. Jafaru ya fita yana faɗa, ya zaga bayan gida yana zaton yaran unguwa ne, bai tarar da ko akuya ba. Kafin ya dawo duwatsun sun koma faɗowa a tsakar gida, daga sama kai tsaye, ƙanana, jiƙaƙƙu, masu warin taɓon rariya. Duk a kewayen murhu suke sauka, babu wanda ya taɓa mutum. Na ƙarshe ya daki gefen tukunyar, ta tuntsure, ruwan ya kashe wutar.

Haka aka yi kwana bakwai. In tuwo aka ɗora, lafiya lau. In shayi ne, babu motsi. Amma da zarar Kubura ta ɗora ruwan wanka sai jifa. Bayan sallar isha'i kuma sai su ji kukan mace daga wajen rariya, ƙasa-ƙasa, kukan wadda ta yi ta yi har muryarta ta dishe. Jafaru ya kunna Suratul Baƙara a wayarsa ya ajiye a bakin ƙofa. Abin da ya fi tsorata shi shi ne kukan yakan tsaya in ana karatun, kamar mai shi tana saurare, in an kai ƙarshe kuma ya ci gaba daga inda ya tsaya.

A rana ta takwas kukan ya ɗauke. Kuma a ranar Murjanatu ta yi barcin da ba ta taɓa yi ba tun da aka yaye ta.

Da safe Kubura ta je tashinta, ta tsaya turus. Wuyan yarinyar yana ƙyalli. Lanƙwasar hannuwanta, bayan gwiwoyinta, duk an shafe su da wani mai, mai ƙamshi kamar na man kaɗe amma ba shi ba. An yanke mata farce tas, har an goge kaifin.

"Maigida," ta ce, "kai ka yanke mata farce?"

"Ni? Na ɗauka ke ce."

Suka dubi juna. Yarinyar ta yi miƙa, ta ce, "Inna ce."

"Wace Inna?" in ji Jafaru.

"Mai zuwa in an kira salla. Hannunta sanyi. Ta ce in yana mini ƙaiƙayi kada in sosa, in danna da tafin hannu."

Murjanatu Umma take ce wa Kubura. A dangin uwa da na uba babu wadda take kira Inna.

Kwanaki suka yi ta tafiya a haka. Jifa ya hana wankan zafi, sai Jafaru ke watsa wa yarinyar ruwan randa da rana. Kullum kuma a wayi gari a tarar da man nan a jikinta. Fatar ta fara laushi, tsagun suka fara haɗewa. Da magariba yarinyar takan zauna a dokin ƙofa tana magana ƙasa-ƙasa, tana dariya, tana karkata kai kamar wadda ake shafa wa gashi. Kubura tana kallo daga nesa. Rabon da ta ji wannan dariyar har ta manta.

Ana cikin haka Virginia ta zo kitso. Matar Nwafor ce mai sayar da kayan gyaran babur, ita kuma malamar asibiti, shekararta ashirin a Daura, Hausa ta zauna a bakinta daram. Tana ganin Murjanatu ta jawo ta, ta ɗaga haɓarta, ta tafa hannu.

"Kai, Maman Murja, ashe kin ji maganata! Dubi yadda wuyan ya kwanta. Tun yaushe nake gaya miki wannan abu ba datti ba ne, kuma ba a ɗauka? Fatarta ce ba ta riƙe laima, haka aka haife ta. Jini yake bi, ba ga babanta da asma ba? Ruwan zafi da sabulu mai ƙarfi su ke kwashe ɗan man da ya rage mata. Ki ci gaba yadda kika fara. Ruwa mai ɗan ɗumi, wanka gajere, ba soso. Tun jikin da sauran laima ki shafe ta da basilin ko man kaɗe, safe da yamma. Ki sa mata rigar auduga, ki bar masu santsin nan da ke tara zufa. Wuraren da suka tsage kuma ki kawo ta likita ya rubuta man da ya dace, kada ki sayi na haɗe-haɗen kasuwa."

"To, Sista," in ji Kubura, yatsunta na cikin gashin matar.

Sau uku Virginia ta taɓa gaya mata wannan maganar, sau uku tana cewa to, tana komawa ga murhunta, domin a ganinta wanda bai ji abin da aka ce mata a tsakar gidanta ba, ba zai gane ba. Yau ga shi ana yaba mata aikin da ba ita ta yi ba. Tsoro ya kama ta, kunya ta kama ta, amma gaskiyar magana abin da ya fi su ƙarfi kishi ne. Wani abu da ba mutum ba yana shiga ɗakinta yana taɓa 'yarta, kuma 'yar ta fi son hannunsa. Ta ƙudura a ranta sai ta wanke wannan man daga jikin yarinyar, ko me zai faru.

Tunda murhunta ya gagara, sai ta ɗauki filas ta shiga maƙwabta ta ce a sam mata ruwan zafi. Ta jira Jafaru ya tafi masallaci sallar magariba. Ta juye ruwan a baho, tururi ya turnuƙe, ta ɗauko soso da sabulu.

"Ke, zo nan."

Yarinyar ta taso daga dokin ƙofa. Ba gudu ta yi ba, ba kuka. Ta tako a hankali, tafiyar da ba tata ba, tafiyar babbar mace da ta gaji. Ta tsaya a gaban bahon ta ɗaga kai. Idanun na Murjanatu ne, amma kallon ba nata ba ne.

"Ajiye," ta ce. Muryar mace ce, disasshiya, wadda suka kwana bakwai suna jin kukanta. "Kin kashe nawa. Ba za ki ƙarasa wannan ba."

Soson ya faɗi daga hannun Kubura. Ihun da ta yi ne ya fito da maza daga masallaci kafin a shafa addu'a.

Kwana uku Murjanatu tana zaune ta fuskanci bango. Ba ta cin abinci sai daga hannun ubanta, ba ta magana. In Kubura ta doso ƙofar ɗakin, ko inuwarta ce ta faɗa ciki, sai yarinyar ta sandare ta fasa ƙarar da ke tsaya wa mutum a ƙirji. Kubura ta koma kwana a rumfa. Tana jin numfashin 'yarta ta taga, ba ta da ikon shiga.

A rana ta huɗu Jafaru ya zo da Malam Maharazu, wani dattijo da ke karantar da manya a zaurensa can wajen kasuwa. Gajere ne, siriri, da tabarau da aka ɗaure ƙafarsa ɗaya da zare. Ba ya cikin masu tsawa da bulala. Kafin ma ya ga yarinyar sai ya zauna a rumfa ya sa aka kira Kubura.

"'Yata, me kika zubar, a ina, kuma da wane lokaci?"

Nan ta fashe da kuka, ta faɗi duk abin da ta ɓoye, har da kukan da ta ji daga rariya. Jafaru ya sunkuyar da kai. Malam bai yi mata faɗa ba, ya dai daɗe yana jan carbi.

Bayan la'asar aka shimfiɗa tabarma a tsakar gida. Jafaru ya zauna ya ɗora yarinyar a cinyarsa. Kubura ta rakuɓe can jikin randa. Malam ya fara karatu, murya ƙasa, ba gaggawa. Inuwar katanga ta taso ta rufe murhu, ta rufe tabarmar, ta hau bangon ɗaki. Unguwar ta yi shiru kamar an kwashe mutanenta. Sai da hasken ya koma ja sannan kan yarinyar ya ɗago, disasshiyar muryar nan ta fito.

"Ya isa, Malam. Karatun ba ƙona ni yake ba, ni ma ina yin sa. Nauyi yake yi mini."

"Wace ce ke?"

"Maimuna."

"Musulma ce?"

"Tun ba a haifi kakanka ba."

"To me ya kai Musulma jikin yarinyar da ba ta san hawa ba, ba ta san sauka ba?"

Hawaye suka gangaro a kumatun yarinyar, manya, ba irin na yara ba.

"A bakin rariyar nan muke tun gidan nan yana fili. Ba mu taɓa taɓa musu ko cokali ba. Ɗana Abbas rarrafe yake. Da magariba yakan fito wurin danshi ya yi wasa. Da ta ambaci Allah, da an kare shi. Kwana bakwai ina jinyarsa, Malam, fatarsa tana biyo hannuna. Ina jifan tukunyar ne don ba na iya jin ƙarar tafasarta. Ran na takwas ya tafi."

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un," in ji Malam. Jafaru ya maimaita.

"Na shiga ɗakin ne in rama. Wallahi da niyyar shaƙe ta na shiga. Na tarar tana susa, tana kuka ba sauti, ta cusa zane a baki don kada uwarta ta ji ta ɗora ruwa. Na ɗaga rigarta. Sai na ga irin fatar da na binne da rana. Man da ya rage na jinyar ɗana, shi na shafa mata."

Kubura ta kife fuskarta a jikin randa. Ba ta san yarinyar tana cusa zane a baki ba.

"Allah ya ji ƙan ɗanki," Malam ya ce. "Yanzu me kike so?"

"A bar mini ita. An ɗauke nawa, a bar mini wannan. Ba zan cuce ta ba, kun ga jikinta da idonku."

"Na gani. Amma kuskure aka yi miki, ba ganganci ba, kuma Allah bai ba ki 'yar wani a madadin naki ba. Kin fi ni sanin jikin ɗan Adam ba ya ɗaukar biyu. In kika zauna hankalinta zai tafi, ki wayi gari kina riƙe da gangar jiki babu yarinyar a ciki. Kin binne ɗaya. Kina son ki ƙara?"

Yarinyar ta girgiza kai a hankali.

"To in dinga zuwa da magariba kawai. In shafa mata in tafi."

"A'a."

"Ran Juma'a kaɗai."

"Babu ranar ziyara, Maimuna. Babu yanka, babu turare. Fita za ki yi don Allah, ki bar gidan, ki nemi ladanki a wurinsa."

"To wa zai shafa mata?"

Can Malam ya ce, "Uwarta."

Wata dariya mai ɗaci ta fito daga ƙaramin bakin. "Wannan? Shekara biyar ina jin motsin gidan nan. Ban taɓa jin ta kira sunanta ba."

Kubura ba ta san lokacin da ta taso ba. Da rarrafe ta zo bakin tabarmar, ɗankwalinta ya zame, ba ta kula ba. Wannan karon yarinyar ba ta yi ƙara ba, kallonta kawai take.

"Na rantse da Allah ruwan zafi ba zai sake taɓa ta ba," in ji Kubura. "Zan kai ta asibiti gobe. Zan yi duk yadda aka ce. Baiwar Allah, ban gan shi ba. Wallahi ban gan shi ba. Ki yafe mini Abbas."

Daga nesa wani ladan ya fara kira, na kusa ya karɓa.

"Ba zan iya ba yau," muryar ta ce. "Wataƙila wata rana. Amma zan fita. Malam, bar ni in shafa mata na ƙarshe."

Malam ya gyaɗa kai. Hannuwan yarinyar suka tashi, suka sauka a wuyanta, suka bi shi a hankali, suka gangara lanƙwasar hannu ɗaya, sannan ɗayan. Leɓunanta suna motsi ba a jin abin da suke faɗa. Jafaru, da yake riƙe da ita, ya kawar da kai yana share ido da kafaɗa.

"Ta ina za ki fita?"

"Ta ɗan yatsan ƙafar hagu. Assalamu alaikum."

"Wa alaikis salam."

Ƙafar ta miƙe ta yi rawa. Yarinyar ta yi atishawa sau uku, jikinta ya saki a hannun ubanta. Malam ya tofa addu'a, ya juya ga Kubura.

"Kira ta. Da sunanta."

Kubura ta dubi mijinta, ta dubi dattijon. Sunan ya yi mata nauyi, sannan ya fito a karye.

"Murjanatu."

Idanun suka buɗe, kuma nata ne. Ta dubi uwarta da mamaki, ta dubi bayanta, ta dubi dokin ƙofa, ta waiwaya ko'ina.

"Ina Inna?"

Sai ta fahimta, yadda yara ke fahimta, ta cusa fuska a ƙirjin ubanta ta yi ta kuka. Kubura tana durƙushe da hannuwa a buɗe, ba a zo gare su ba.

Tun daga ranar ba a sake jifa a gidan ba. Virginia ta raka su asibiti, likita ya faɗi abin da ta sha faɗa, ya rubuta man shafawa na 'yan kwanaki don wuraren da suka yi tsanani. Ya ce abin yakan lafa ya taso, ba a yi masa gaggawa, yara da yawa kuma yana sakinsu in sun girma. Fatar ta ci gaba da kwanciya. Amma Jafaru ke wankan, shi ke shafa man da kaushin hannunsa na mai kama ƙahon rago, domin in Kubura ta matso yarinyar takan ƙanƙame jikinta ta rufe ido. Ba ta ƙara, ba ta gudu, jira kawai take a gama. Wannan ya fi ihun ciwo a zuciyar Kubura.

Sati biyu Jafaru bai je kasuwa ba. Na uku dole ya tafi, gida ya rage su biyu.

Da yamma Kubura ta surka ruwa, ta gwada da gwiwar hannu, ta ƙara na sanyi, ta sake gwadawa. Ta yi wankan da tafin hannu, yarinyar tana tsaye ƙiƙam. Ta naɗe ta a zane mai laushi, ta zaunar da ita a tabarma, ta lakato man kaɗe ta fara shafa mata a wuya.

"Ba haka ba," in ji yarinyar, ba ta ɗago ba. "Ke da ƙarfi kike yi."

Hannun Kubura ya tsaya.

"To yaya take yi? Nuna mini, Murjanatu."

Yarinyar ta ɗan saci kallonta. Ta daɗe tana shawara. Sannan ta sa hannuwanta biyu ta kama hannun uwarta, ta ɗora a wuyanta, ta ja shi ƙasa sannu sannu.

"Haka. Ba a komawa sama. Kuma tana yin waƙa."

"Wace waƙa?"

Murjanatu ta rera da 'yar muryarta. Waƙar reno ce, gajeriya, Kubura ba ta taɓa jin irinta ba a Daura ko a ƙauyensu. Yi barci, rana ta tafi gida, yi barci Abbas, uwarka na nan.

"Yi mana, Umma."

Kubura ta buɗe baki. Ta rera farkon, hannunta na bin wuyan 'yarta yadda aka koya mata. Da ta zo kan sunan sai ta tsaya.

"Ba ki ƙarasa ba," in ji yarinyar. Ta riga ta jingina kanta a ƙirjin uwarta, idonta ya fara lumshewa. "In ba a faɗi sunan ba, ba na yin barci."

Kubura ta faɗa. Ta sake rerawa daga farko, ta sake faɗa, hawaye na ɗiga a kan gashin yarinyar, har numfashinta ya daidaita.